Tukunyar Wankan Fa'iza

Talata, 17 ga Satumba 2024

Fa'iza ta dawo gida yau, ciki a gaba kamar an ɗora mata tulu. Haihuwar fari ce, dole a ɗakin uwa. Mijinta Ahmudu ya sauke ta da akwati da buhun shinkafa, ya sha ruwa a tsaye, ya juya Tchibarakaten da lodin masu neman zinariya. Wai sai suna.

Na ji daɗin ganinta. Ƙanwata ke nan ɗaya tal. Tun daga zaure take tsokana: "Yaya Isufu, duk littattafan nan da kake ci, har yau ba ka yi ƙiba ba?"

Na bar mata ɗakina, ni na koma zaure. Na kwashe littattafaina daga kantar ƙarfen nan tawa, na goge ta tas, na tura ta jikin gado don ta jera kayan jariri. Kanta ce mai kyau, mai hawa huɗu, ba ta tsatsa, ba ta motsi. A layin gwanjo na saye ta lokacin da ma'aikatan kamfanin haƙar iraniyom na Akokan ke sayar da kayansu suna barin gari. Ban mallaki abin da ya fi ta ba.

Sai la'asar raina ya ɓaci. Inna ta jawo tukunyar nan daga bayan madafa, babbar, mai kauri, mai loɓawa a gindi. A ciki za a dafa ruwan wankan jego safe da yamma har a yi arba'in. Baba ne ya kawo ta tun ina ciki, kuma kowa a unguwa yana cewa da ƙarfen kamfani aka zuba ta.

Aji huɗu na bar lakwal, makarantar boko, amma na koya wa kaina karatu a jikin kwalayen magani da tsofaffin jaridu, kuma na karanta abin da na karanta. Ƙarfen da ya yi aiki inda ake wanke ƙasar iraniyom yana riƙe guba. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. A jefar da shi, wani ya tsinta, ya shigo kasuwa, ya zama ƙofa, ya zama ludayi. Duk Arlit an san haka. Duk Arlit ana yi kamar ba a sani ba.

A cikin wannan za a yi wa ƙanwata wanka? Ina raye?

Laraba, 18 ga Satumba

Na yi magana. Da ma ban yi ba.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona in tana magana. Mai-baki take ce mini, kuma ta bakin wani take aiko saƙo ko da ina tsaye a gabanta. Na ce mata a fitar da tukunyar nan daga gida. Ta ci gaba da kankare ta da toka, ta ce, "Fa'iza, hwaɗa ma Mai-baki, cikin tukunyar ga aka dahwa ruwan wankanai. In guba ce, ga shi nan tsaye yana ɗaga ma uwatai murya, bai mutu ba."

Na ce, "Baba fa? Shi ma yana tsaye?"

Da na tsaya a nan. Ban tsaya ba. Na ce tukunyar ce ta kashe shi, kuma ke kika dafa masa.

Hannunta ya tsaya a cikin tukunyar. Ba ta ɗago ba. Fa'iza ta ce "Yaya!" kamar an taka ta. Ni na fita.

Tarin nan na Baba, shekara da shekaru, har ya tafi da shi. Dole dai wani abu ne ya yi shi.

Alhamis, 19 ga Satumba

An ajiye mini tuwo a zaure. Ba saƙo.

Asabar, 21 ga Satumba

Na bar wa abokin aikina wurin facin taya na tafi kasuwa neman wata tukunya. In na kawo mai kyau, magana ta ƙare.

Na shaguna, waɗanda ake shigowa da su daga Aljeriya, sirara ne kamar takarda, babbar cikinsu ba za ta yi wankan kyanwa ba. Na Kano sun yi wuya. A layin gwanjo akwai manya, amma ka tambayi mai kaya daga ina, sai ya ce "daga Allah." To, ni ma daga Allah nake, ka ga an saye ni?

Na ƙare a layin maƙera. Akwai wani tsohon Ba'abzine, Rhissa, mai zubin tukwane, rawani ya rufe masa baki, idanu kawai. Yana zaune yana kaɗa shayi. Na ɗaga wata tukunya na ce, "Da me ka zuba wannan?"

Ya ce, "Da wuta."

Na ce ƙarfen nake nufi, daga ina?

"Daga mai kawowa."

Jinina ya hau. Na ce ku dai kabari kuke sayar wa mutane, kun sa masa marfi da hannu biyu. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Maƙwabtansa suka bar aiki suna kallo.

Bai ko daina kaɗa shayinsa ba. Sai da ya cika ɗan kofi ya miƙo mini, ya ce, "Kai yaro, bakinka ya fi zugazugina iska. Tukunya ba shi da laifi. In ba ka yarda da ƙarfena ba, kawo naka. Ka tsaya a kaina in narka shi, ka gani da idonka."

Ashe haka suke yi tun da. Ka kawo tsofaffin kwanonin alminiyom naka, a narka, a zuba maka sabuwa. A garin nan aka haife ni ban sani ba.

Na sha shayin. Ya yi daɗi, ɗan banzan shayi.

Talata, 24 ga Satumba

Na zama ɗan bola. Duk motar da ta tsaya faci, kafin in taɓa taya sai na leƙa ƙarƙashin kujeru neman gwangwanin lemo. Direbobi sun samu abin yi: "Isufu, karatun ne ya kai ka nan?" Na ce e, uwarka ma can za ta kai ka. Suka yi dariya. Amma da yamma biyu daga cikinsu suka dawo da leda cike, suka jefa mini.

Wani ya kawo mini fasasshen kan injin, nauyi kamar jaki. Da ya cika rabin tukunya shi kaɗai. Na ƙi. Abin da ban san asalinsa ba, ba zai shiga ba. Ya ce ni mahaukaci ne. Wataƙila.

Juma'a, 27 ga Satumba

Gaji mai ƙosai, maƙwabciyarmu, ta tare ni a ƙofa. Ita ce na taɓa ce wa man suyarta ya girmi 'ya'yanta. Na ɗauka ramuwa za ta yi.

Sai ta miƙo mini tukunya mai huda da buta marar hanci. Ta ce, "Fa'iza ta gaya mini. Waɗannan daga Damagaram na zo da su, ba su taɓa jin warin kamfani ba. Karɓi, Sarkin Baki, kafin in fasa."

Kafin magariba ta zaga unguwa da labarin. Mata suka yi ta sallama: wannan marfi, wannan ludayi karyayye, wannan farantin da ya lanƙwashe. Kowace sai ta faɗa mini inda abin ya fito, kamar ana gabatar da amarya. Wata tsohuwa ta kawo cokali ɗaya, ta ce na mijinta ne, a Makka ya saya.

Na tsaya da buhu a buɗe ina ta "na gode, na gode." Bakina bai saba ba, har ya gaji. Kusan babu wadda ban taɓa yi wa rashin kunya ba a cikinsu.

Inna tana jin komai daga tsakar gida. Ko tari ba ta yi ba.

Litinin, 30 ga Satumba

Na kai wa Rhissa buhu. Ya ɗaga, ya sauke. Ya zazzage gwangwanayen gefe guda, ya ce waɗannan in sun narke yawancinsu kumfa ne da datti. Ya ce, "Zai yi tukunya. Na wankan kaza."

Saura kamar rabi, in ji shi. Daga ina? Na tatse unguwa, na tatse tasha. Ungozoma kuma ta ce wa Fa'iza a shirya, watan gobe ne, ko farko ko tsakiya.

Na dawo da buhun gida ina zagin komai: gari mai haska wa wasu ƙasashe fitila, ba ya iya ba 'yarsa tukunya mai tsarki. Na faɗi haka a zaure da ƙarfi don a ji. An ji.

Laraba, 2 ga Oktoba

Da na dawo daga sallar asuba buhun ya yi nauyi.

Tukwanen auren Inna ne. Jerin nan da ke saman kabad tun ina yaro, daga babba har 'yar ƙarama, waɗanda kakarmu ta saya mata a garin Tawa. Ba a taɓa ɗora su a wuta ba. Duk sallah takan sauko da su, ta goge, ta mayar. Ranar da na taɓa wasa da marfin ƙaramar sai da na sha duka.

Na shiga wajen Fa'iza da su a hannu. Tana ninke 'yan riguna tana jerawa a kantata. Ta ce, "Ta ce a faɗa maka ba don maganarka ba ne. Ba ta son a haifi jikanta a gidan da ake gaba."

Na ce ba zan iya narka su ba.

Ta ce, "To ka je ka mayar mata da kanka, in kana da fuskar."

Ba ni da ita.

Na zauna a zaure na daɗe ina kallon su. Fuskata tana fitowa a jikin babbar, a karkace.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Wata sabuwa. Rhissa ya ce ƙarfe ya isa, amma ba shi da uwa. Na ce wace uwa kuma? Ashe ba a zuba tukunya daga iska. Sai an samu wata mai girman da ake so, a danna ta cikin yashi mai danshi, a cire, ramin da ta bari shi ake cikawa. Nasa duk ƙanana ne da matsakaita. Ya ce, "Ba ku da babba a gida?"

Muna da ita mana.

Na yi tsalle na dire. Na ce gubar za ta shiga yashin. Ya ce, "Siffa kawai zai ba shi, ba jini ba. In kana da wata, kawo."

Na zagaya gidajen da nake zato. Babu. Duk mai jego a layinmu tukunyar Inna take ara, yau na sani.

Da yamma na tsaya a tsakar gida na ce wa Fa'iza, da murya ƙasa, ta roƙa mini aron tukunya. Inna tana tankaɗe. Ta ce, "Mi za a yi da mai kisan kai?" Sai da ta gama tankaɗen tas, sannan ta ce, "A maido min ita yadda ta tahi."

Asabar, 5 ga Oktoba

An zuba.

Tun da safe nake can. Ni na ɗauko tsohuwar a kai, na wanke ta har sau ban san adadi ba. Rhissa ya kife ta a akwatin katako, ya yi ta dannan yashi da dunƙule, yana yayyafa ruwa da baki. Da ya zare ta, ga siffarta a yashi sumul, kamar sawun raƙumi.

Ni ke kan zugazugi. Kowane abu da hannuna na jefa: butar Gaji, cokalin Makka, gwangwanayen direbobi. Tukwanen Inna na bari ƙarshe. Babbar ta daɗe tana tsaye cikin wuta, sai ta durƙusa a hankali, ta zama ruwa. Hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Rhissa ya kwashe dattin sama, ya yi bisimilla, ya tuttula. Ruwan azurfa, wallahi. Muka zauna jira, ya kaɗa shayi. Ya tambaye ni ɗan wa ne. Da na faɗa, ya ce ya san Baba, mai keke, mai yawan dariya. Ni na manta Baba yana dariya. Tarin kawai nake tunawa.

Da ya fasa yashin, ga ta. Fara, mai kauri, tana huci. Na juya gindinta sai na ga loɓawar nan, daidai inda ta tsohuwar take. Na ce, "Ka ɓata mini aiki!" Ya ce, "Ɗa ya yi kama da uwa, shi ne ɓata aiki?"

Na kawo su gida a amalanke, su biyu. Mata suka fito kallo, Gaji har da guɗa. Inna ta duba tata ta ko'ina, ta mayar bayan madafa. Sabuwar kuwa ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta saurara. Sau biyu ta ƙwanƙwasa.

Na gode wa Allah. Na gode wa tsohon nan ma, ko da yake a zuci na yi.

Talata, 8 ga Oktoba

Hankalina bai kwanta ba. Yashin nan.

Na je wajen Baba Illi, abokin Baba, tare suka yi aiki a ramin haƙar iraniyom. Yanzu yana cikin wata ƙungiya ta tsofaffin ma'aikata, suna da na'urar da ke kuka in ta kusanci ƙarfe mai guba. Ya ce zai zo jibi.

Gaskiya ba don yashin kaɗai ba. Ina so ta yi kuka a kan tsohuwar a gaban Inna. Ina so a san ba hauka nake ba, kuma tukwanen Tawa ba a banza suka narke ba. Ina so ya zama abin da na faɗa ranar Laraban nan gaskiya ne, don in ba gaskiya ba ne, to me na faɗa wa uwata?

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Baba Illi ya zo da hantsi. Na'urar 'yar ƙarama ce, rawaya, kamar rediyo. Ya kunna, tana ɗan ƙyas, ƙyas, jefi-jefi. Ya ce wannan ba komai, ko'ina haka take yi. Ya gaisa da Inna, suka daɗe, ita tana bayan labule.

Sabuwar tukunya: shiru. Alhamdu lillahi.

Na jawo tsohuwar tsakiyar gida da kaina. Na ce, "Baba Illi, ga ta." Ya tsuguna, ya shafa gindinta, ya yi murmushi. Ya ce, "Loɓawar nan ni da ubanka muka yi ta. A keke muka ɗauko, ya ce zai iya da hannu ɗaya, muka zube a gaban mata." Ya zagaya da na'urar ciki da waje, baki da gindi da marfi.

Ƙyas. Ƙyas. Kamar yadda take yi a ko'ina.

Na ce a sake. Ya sake. Na ce batirin ne ya mutu. Ya dube ni, ya ce, "Isufu, abin da ya ci ubanka a ƙarƙashin ƙasa ya same shi, ni ma yana ƙirjina. Ba a madafar uwarka yake ba."

Labulen bai motsa ba.

Sai Fa'iza ta ce, don ta raba mu da shirun, "Baba, tunda ka zo, zagaya mana gidan duka." Ƙofa lafiya. Randa lafiya. Murhu, bokiti, gadon Inna, lafiya. Ya shiga ɗakina.

Tun daga bakin ƙofa ta canza murya. Da ya kai ta jikin kanta sai ta ɓarke, ƙrrrrr, kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai.

Kantata. Da rigunan jariri a kai, da zannuwa, da hula 'yar mitsitsiya. Dab da inda Fa'iza ke sa kanta tun ranar da ta zo. Ni na goge ta. Ni na tura ta jikin gadon.

Baba Illi ya ce, "Fito, ɗiyata," a hankali, kamar ba komai. Ya ce irin wannan a ɗakin awon samfur na kamfani ake ajiye su. Ya tambaye ni shekara nawa nake kwana kusa da ita. Na faɗa.

Na tambaye shi jaririn fa? Ya ce, "Ni ba likita ba ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Kwanakin ba su da yawa. Ku je ku gaya wa ungozoma gobe."

Ni mai karatu. Ni mai tambayar cokali asalinsa. Ban taɓa tambayar kantar ba, don tana da kyau, kuma tawa ce.

Inna ta fito daga bayan labule. Na sunkuyar da kai ina jira. Duk abin da za ta faɗa, na ci. Ta wuce ni, ta shiga ɗakin, ta kwaso kayan jaririn a zaninta, ta zuba a tsohuwar tukunya, ta ce, "Fa'iza, a ce ma wancan ya ɗebo ruwa."

Na ɗebo.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Mutanen Baba Illi sun zo da safar hannu sun tafi da kantar. An auna littattafaina da kayan jaririn bayan wanki, shiru. Ungozoma ta duba Fa'iza, ta ce yaro yana motsi, zuciya tana bugawa, sauran sai an haihu.

Sauran sai an haihu.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ban iya cin abinci ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na je layin gwanjo neman wanda ya sayar mini da kantar, in ci mutuncinsa. An ce ya bar gari tuni. Na tsaya a tsakiyar layi da zagi cike da baki, babu wanda zan ba. Shi ma wataƙila a ɗakin 'ya'yansa ya ajiye ta kafin ya sayar.

Ƙafata ta kai ni wajen Rhissa. Labari ya riga ni. Na jira ya rama, ko da "kabari mai hawa huɗu" ne, ni da na ba shi. Ya kaɗa shayi kawai. Da zan tafi ya jawo wani adudu daga bayansa, saƙar kaba, mai marfi, an yi masa baki da jar fata. Ya ce matarsa ce ta saƙa, kabar daga Gougaram, wajen danginta. "Na kayan jariri. Wannan ka tambaye shi asalinsa, zai gaya maka."

Na ce, "Baba Rhissa..." sai na rasa sauran.

Ya ce, "Yau zugazugi ya huce?"

Talata, 15 ga Oktoba

Fa'iza ta same ni a zaure. Ta ce in daina kallon cikinta kamar na fasa mata kwano. Ta ce, "Da ba ka tayar da rigimar tukunya ba, wa zai kira Baba Illi? Da yanzu tana nan, har a kwantar da yaro a gindinta." Na ce wannan ba wayona ba ne. Ta ce, "Wa ya ce wayonka ne? Bakinka ne."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. Ban san yadda ake samun mutane irin wannan ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Mace! Da hantsi, a asibiti. Ta fito tana tsala ihu, ungozoma ta ce wannan ta gado wani a gidanku. Yatsu cikakku, ido biyu tar, nauyi daidai. Likita ya duba ta ya ce bai ga abin damuwa ba, a riƙa kawo ta awo.

Na fita bayan gini na yi sujada a kan tsakuwa. Goshina har yanzu da shaida.

Da la'asar aka dawo gida. Na tarar Inna ta haɗa murhu, ga tukwane biyu a gefe. Na tsaya nesa. Ba ni da bakin zaɓa, tata ce mai gaskiya. Ta dube su, ta ɗauki sabuwar, ta ɗora. Gaji ta zuba ganye, tururi ya tashi har saman katanga.

Gaji ta ce, "Ke da taki ta fita kunya, ba za ki ɗora ta ba?"

Inna ta ce, "Uwata na cikin wannan."

Na tafi faskaren itace, don kada a ga fuskata.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Suna. Ahmudu ya iso jiya da rago da ƙurar hanya har cikin kunne. An sa mata Hajara, sunan kakarmu ta Tawa.

Gida ya cika. Direbobi sun zo, ɗaya ya kawo mini gwangwani ɗaya a naɗe da takarda, wai gudummawa. Na buɗe baki, na ga amsar tana nan a shirye, mai zafi, sai na bar ta. Ban san me ya sa ba. Gajiya ce, ina jin. Baba Illi ya zo, Baba Rhissa ya zo da matarsa, ta ga adudunta a gefen gado cike da 'yan riguna. Tsohuwa mai cokalin Makka ta leƙa sabuwar tukunya ta ce tana ganin nata a wajen hannu.

A tsohuwar aka dafa shinkafar suna. Kowa ya ci.

Bayan la'asar, an watse, ina tattara tabarmi, na ji Inna daga madafa: "Fa'iza, a ce ma Mai-tukunya ya zo ga ƙanzo, kahin in zuba ruwa."

Na waiga in ga wa ake nufi.

Na tsuguna a gabanta na kankare da cokali. A wajen loɓawar nan ƙanzo ya fi taruwa, nan muke faɗa a kai ni da Baba, yana bar mini yana yi kamar na ƙwace. Na cinye tas. Inna tana gefe tana jera kwanoni, bayanta gare ni.

Ban ba ta haƙuri ba. Na shirya maganar tun a zaure, ta ƙi fitowa, ni da magana ba ta taɓa ƙi mini ba. Na dai ɗebo toka da ruwa na wanke tukunyar, ciki da waje, na kife ta a bayan madafa inda take zama.

Gobe kafin in tafi faci akwai itacen wanka. An ce a ce mini wanda na faskara jiya ya yi kauri.